Shinge Ba Ya Raya Fadama

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina

  

Maganata ta yau a kan wani ɗan ƙaramin ƙwaro ce, shuɗin malam-buɗe-littafi, wanda in ya shimfiɗa fikafikansa duka biyu faɗinsu ba ya wuce santimita 4. Ba ɗan ƙasarmu ba ne. Mazauninsa dausayin Turai ne, filayen ciyawa masu danshi da ke gefen koguna a Holan da Jamus da Faransa da Folan, har zuwa cikin Asiya. Masana suna kiran danginsa Phengaris, a tsofaffin littattafai kuma za ku tarar da su da sunan Maculinea. Na san tun yanzu akwai mai tambayar ransa, a wannan marra ta tsadar masara da rashin tsaro, me ya haɗa Bakatsine da ƙwaron Turawa. Tambayar tana kan hanya, kuma zan zo kanta. Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne wannan: hana mutane shiga fadama ba ya raya ta, sakin kowa ya yi yadda ya ga dama ma ba ya raya ta. Abin da ke raya fadama da halittun cikinta lokaci ne, wato wa zai shiga, yaushe zai shiga, yaushe kuma zai fita. Wannan ƙwaro ya nuna haka ƙarara, shi ya sa na ɗauko shi daga nesa.

Mu fara da irin da ake kira Phengaris alcon. Tsakanin Yuli da Agusta macen take fita neman wani tsiro mai dogon shuɗin fure da ke fitowa a ƙasa mai laima, sunansa Gentiana pneumonanthe. Takan bi kan furannin da ba su buɗe ba tana ɗiga fararen ƙwai ɗai-ɗai, ƙanana ƙwarai, amma mai ido yana iya tsugunawa ya ƙirga su. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda furen ta shige ciki, ta yi mako biyu zuwa uku tana cin 'ya'yan da ke ƙulluwa, ta sake fata sau uku. Daga nan ta huda ƙofa ta fito, ta sako kanta ƙasa, ta kwanta tana jira. A lokacin tsawonta bai fi milimita 3 ko 4 ba, ba ta da abinci, ba ta iya doguwar tafiya. In kwana ɗaya ko biyu suka wuce ba wanda ya zo, shi ke nan tata ta ƙare. Wanda take jira kuwa wani jan kiyashi ne mai suna Myrmica. Fatar tsutsar tana ɗauke da wani maiƙo mai wari irin na 'ya'yan kiyashin, shi kuwa kiyashi da sansane yake gane nasa. Sai ma'aikaciyar kiyashi ta zo ta shafa ta da 'yan ƙahonninta, ta zaci ɗan gidansu ne ya ɓata, ta sungume ta zuwa rami. Can za ta zauna wata 11, wasu ma har wata 23, ana ba ta abinci baki da baki, kuma a nan take samun kusan kashi 98 cikin 100 na nauyin jikinta. Agola ce da ta fi 'ya'yan gida gata. In an tone ramin ita ake fara ɗauka a gudu da ita, in abinci ya yi ƙaranci kuwa har 'ya'yan gidan ake yankawa a ciyar da ita.

Dalilin wannan fifiko bai fito sosai ba sai a 2009, lokacin da Francesca Barbero da Jeremy Thomas da abokan aikinsu suka buga bincikensu a mujallar Science. Sun naɗi ƙarar da ke cikin ramin da ƙananan na'urori, suka gano cewa sarauniyar kiyashi tana da tata murya dabam da ta ma'aikata, in ta yi ta sai su taru su tsaya gadi a kanta. Tsutsar wani reshe na wannan iri, wanda ke zaune a tsaunuka, muryar sarauniyar take kwaikwaya. Mu da muka taso da Suratun Namli ba za mu yi mamakin jin tururuwa tana magana ba, amma a ce wani baƙo ya koyi harshen har yana sojan gona da shi, wannan kam abin a jinjina kai ne. Shekara guda kafin nan David Nash da abokansa sun nuna a Danmak cewa kiyashin ma ba zaune yake ba, inda ƙwaron ya yi yawa warin jikin 'ya'yansa yakan sauya, ita ma tsutsar ta bi sawu. Sannan akwai na uku a wasan, wani zanzaro mai suna Ichneumon eumerus, wanda ba ya haihuwa sai a cikin jikin wannan tsutsa. Macen takan kutsa cikin ramin, ta saki wani sinadari da ke sa kiyashin su hau cizon juna, kafin su farga ta sa ƙwanta ta fice. To ku lissafa abin da ya rataya a kan wani. Sai ƙasa ta riƙe danshi furen zai fito. Sai akwai ramin kiyashin da ya dace cikin kamar mita 2 daga gindin furen, don iyakar yawon kiwonsa ke nan. Sai an haɗa waɗannan biyu a wuri guda a sami malam-buɗe-littafin, sai kuma da shi a sami zanzaron.

Akwai wasu 'yan'uwansa biyu, Phengaris teleius da Phengaris nausithous, su ne ainihin 'yan fadamar ingirici. Tsironsu Sanguisorba officinalis ne, mai dunƙulallen fure ja wur mai duhu a kan dogon kara, kuma ya fi son filin da manomi ke yanke wa shanu ciyawa. A nan ne batun lokaci ya fito fili. In manomi ya yi yanka kafin tsakiyar Yuni, tsiron yana da damar sake toho ya yi fure kafin macen ta fito neman inda za ta yi ƙwai. In ya bari sai bayan tsakiyar Satumba, tsutsotsin sun riga sun sauka, suna ƙarƙashin ƙasa, lauje ba ya taɓa su. Amma in ya yanka a Yuli ko Agusta, ya kwashe ƙwai da tsutsa duka cikin damin ciyawa, yini guda ya isa a shafe zuriyar wannan fili. In kuwa ya daina yankan baki ɗaya, shekaru kaɗan dogayen ciyayi da sabbin itatuwa za su rufe wurin, furen ya rasa rana, kiyashin ya ƙaura. Lauje ɗaya ne, manomi ɗaya, fili ɗaya. Bambancin rai da mutuwa 'yan makonni ne a kalanda.

Turawa ba su fahimci wannan da sauƙi ba, sai da suka yi asara. Labarin da ya buɗe masu ido na babban wansu ne, Phengaris arion, wanda shi a busassun tuddai yake zaune, amma rayuwarsa da kiyashi iri ɗaya ce, sai dai shi 'ya'yan kiyashin yake cinyewa da kansa. Tun 1915 masana irin su Chapman da Frohawk suka gano cewa a ramin kiyashi yake girma. Da aka ga yana raguwa a Ingila, sai aka ɗora laifin a kan masu kama shi suna tarawa a akwatunan gilashi. A shekarun 1930 aka keɓe wani tudu a yankin Cornwall, aka kewaye shi da shinge don a hana su shiga. Shingen ya hana masu kamu, ya kuma hana dabbobi kiwo, aka daina ƙona sagagin da manoman wurin suka saba ƙonawa. Cikin 'yan shekaru ƙwaron ya ɓace daga wurin da aka keɓe dominsa. Garin neman gira aka rasa ido. Daga 1953 kuma wata annoba ta faɗa wa zomayen dajin Birtaniya ta kusa ƙarar da su, su kuwa su ne ke gaigaye ciyawar tuddan da manoma suka daina kai tumaki. Zuwa farkon shekarun 1970 ƙwaron da ake ƙirgawa da dubbai ya koma 'yan ɗaruruwa.

A wannan lokaci ne Jeremy Thomas, yana matashi, ya tare a kusa da garken ƙarshe da ya rage a Dartmoor, ya yi shekaru yana bin tsutsa ɗaya-ɗaya yana tona ramuka. Abin da ya gano shi ne, jajayen kiyashin da ke wurin iri-iri ne, kowannensu yana ɗaukar tsutsar ya kai gida, amma a gidan iri ɗaya kawai, Myrmica sabuleti, take rayuwa sosai. Shi kuwa wannan kiyashi ɗan son ɗumi ne. In ciyawa ta ƙara tsawo da santimita biyu ko uku kacal, inuwarta takan sanyaya ƙasa, sai ya janye, wani ɗan'uwansa ya maye gurbinsa. Mai wucewa zai ga tudu kore shar, furen yana nan, kiyashi yana nan, bai san gidan ya riga ya rushe ba. Ilimin ya zo a makare, domin a 1979 aka sanar cewa ƙwaron ya ƙare a Birtaniya. Amma bai tafi a banza ba. Aka dawo da shanu da tumaki kan tuddan, aka sassabe sagagi, kiyashin ya dawo. Daga 1983 Thomas da David Simcox suka fara ɗauko ƙwai da tsutsa daga tsibirin Öland na ƙasar Suwidin. Yau yankunan Somerset da Gloucestershire suna cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan wannan ƙwaro a duniya. Bakin saniya ne ya yi aikin da shinge ya kasa.

Kada wani ya ɗauka cewa maganata ita ce a saki kowa. A Holan akasin haka ne ya faru, sakamakon kuma bai bambanta ba. Can an haƙa magudanai an tsotse ruwan dausayi, an zuba takin zamani, ana yanka ciyawa sau da yawa a shekara da injuna. Teleius da nausithous duka suka ɓace daga ƙasar a shekarun 1970. A 1990 aka ɗauko wasu daga Folan, kowane iri bai kai ɗari ba, aka sake su a wani dausayi mai suna Moerputten, kuma Irma Wynhoff ta yi shekaru tana bibiyarsu. Teleius ya zauna a filin da aka tanada. Nausithous kuwa ya ƙi wurin, ya tafi ya tare a ciyawar gefen titi da bakin magudanai, inda kiyashin da yake so ya fi yawa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. A faɗin nahiyar, Hukumar Muhalli ta Turai ta ba da rahoto a 2013 cewa malam-buɗe-littafin filayen ciyawa ya ragu da kusan rabi tsakanin 1990 da 2011, ta kuma ambaci dalilai biyu tare: matsa wa ƙasa mai kyau da noman inji, da yin watsi da ƙasar da ba ta kawo riba.

To mu dawo gida. Wanda ke ganin wannan labarin Turai ne kawai, ya je Hadejia da Nguru. Can kogin Hadejia da na Jama'are suke bazuwa su zama fadama mafi girma a wannan yanki, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Cadi. A da ruwa yakan cika a Agusta da Satumba, ya janye da rani. Wannan cika da janyewa shi ne arzikin wurin. In ruwa ya zo, shinkafa da kifi. In ya fara ja da baya, a bi laimar da wake da sauran shuka. In ƙasa ta bushe, Fulani su sauko da shanu su ci sabon toho. Mutum uku ke cin fili ɗaya, kowa da watansa. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Faɗin da ambaliya ke rufewa ya ragu sosai, amma abin da ya fi ɓarna shi ne sauyin lokaci, domin yanzu ana sako ruwa har da rani, wuraren da suka saba bushewa ba sa bushewa. Ciyawar kachalla kuwa abin da take so ke nan. Ta mamaye dubban hekta, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya kwanta masu a gona shekara da shekaru, wasu kuma na ƙasa suka rasa shi. Tsuntsun jan-baki ya sami mafaka a cikinta yana fita yana cinye gero da shinkafa. Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi tun farkon shekarun 1990, suka nuna cewa amfanin da ruwa ke bayarwa in an bar shi ya bazu a fadamar ya ninka wanda yake bayarwa a aikin noman rani na kogin Kano. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, amma suna a takarda ba ya cire kachalla. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne a riƙa sako ruwan madatsun bisa tsarin damina da rani.

Mu ma nan muna da tamu, ko da ba ta kai waccan girma ba. Daga Ƙofar Marusa zuwa nan Ƙofar Durbi har Ƙofar Sauri, bakin rafin Ginzo lambuna ne, latas da kabeji da alayyafo da albasa da karas da ake kai wa kasuwannin gari. Da rani mafi yawan ruwan da ke bin rafin daga magudanan birni yake fitowa, shi ya sa masu bincike daga jami'o'inmu suke yawan zuwa auna abin da ke cikinsa. Gari yana faɗaɗa, fuloti yana cin lambu. Dattawan da ke zaune a nan sun san tsarin da ƙasar Hausa ta gada. Da damina ana barin kwari ya sha ruwa. Da kaka a yanki gamba da shuci don zana da jinka, bayan ciyawar ta zubar da iri. In an kwashe amfani makiyayi ya shigo gona ya ci kara ya bar taki, har manomi kan ba shi hatsi don ya kwana a gonarsa. Da rani a kafa jigo a yi lambu, a bar burtali da mashaya. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya kawo injin ban ruwa da rijiyar burtsatse, kuma babu mai gaskiyar da zai musa cewa ya fitar da gidaje da yawa daga talauci. Sai dai ya mai da fadama gonar wata goma sha biyu. Watannin da makiyayi ya fi bukatarta su ne aka rufe masa ita, gefen rafi da kan iyakar da ake bari da ciyawa kuma yanzu maganin feshi ke share su.

Yanzu ga tambayar da na yi alkawari. Mai cewa ana ta kai wa ke ta kaya, yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ba zan tsaya gabanku in ce malam-buɗe-littafi ne ke ciyar da mu ba. A aikin barbarar fure ƙudan zuma da wasu ƙudaje sun fi shi nesa ba kusa ba, tsutsar wasu irinsa ma ɓarna take yi a gona. Amfaninsa shi ne saurin nuna alama. Rayuwarsa gajera ce, bukatunsa ƙayyadaddu, ido yana ganinsa da rana tsaka, don haka yakan riga sauran ɓacewa in wuri ya fara lalacewa. Gefen rafin da ya rasa shi, shi ne gefen da ƙudan zuma ya rasa fure, su kuwa kankana da kabewa da gurji da irin albasa ba sa ƙulluwa yadda ya kamata sai ƙwari sun bi furensu. Shi ne kuma gefen da babu saiwar da za ta riƙe ƙasa in ruwa ya taho da ƙarfi. Mutanen Jibiya ba su manta da daren Yulin 2018 ba, lokacin da ambaliya ta ci fiye da mutum 40. Batun tsaro ma, ban ce rufe burtali da mashaya shi kaɗai ya haifi abin da muke ciki ba, sababinsa suna da yawa. Amma duk mai bin tarihin rikicin manoma da makiyaya a arewa maso yamma ya san yana cikin tushensa.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce na fi so mu tsaya a kanta. Za a ce matsalar Ingila ƙarancin dabbobi ce, tamu kuwa yawansu ne. Mutane sun ninka, dabbobi sun ninka, ƙasa ba ta ƙaru ba, don haka darasin da ya dace da mu shi ne shinge. Haka ne, nauyin da ke kan ƙasarmu ba irin nasu ba ne, kuma akwai wurin da ya ƙwaƙule har sai an huta da shi shekara biyu ko uku kafin ya farfaɗo. Amma hutu na wa'adi dabam, kora ta har abada dabam. Mu duba maƙwabtanmu na Maraɗi, da ba su kai kilomita 100 daga nan ba. Shekaru da dama doka a Nijar ta mai da itace na gwamnati, ma'aikacin gandun daji yana cin tarar manomin da ya sare reshe a gonarsa. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya ɗauki tsiron itace abokin gaba, yana tumɓuke shi tun yana ƙarami. An kashe kuɗi da yawa a dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. Daga 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka koma ga kututturan da ke cikin gonaki, a zaɓi toho mai ƙarfi a bari, a rage sauran, a riƙa sassabe a kan kari. Da aka sassauta dokar, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu, a yankunan Maraɗi da Damagaram, wato inda jama'a suka fi cunkoso. Yawan mutane bai hana ba. A can Nijar ɗin kuma har yau hukuma kan tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, a sanar da kowa, kafin ranar dabba ba ta shiga, bayanta manomi ba ya hanawa. Ba a rasa saɓani, amma akwai ranar da za a kama mutum da ita.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawaki. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma umarnin da ya ba mai kula da hurumi shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken attajirai, domin su suna da gonakin da za su koma wa. Hurumi ne mai ƙofa da mai gadi da ƙa'ida.

Suka ta uku ta kuɗi ce. Tarayyar Turai ta sa teleius da nausithous cikin dokarta ta kare muhallin halittu ta 1992, tana kuma biyan manomi diyya in ya jinkirta yanka. Mu wa zai biya? Gaskiya ne ba mu da wannan asusu, kuma zalunci ne a ce wa mai lambun da bai fi kadada guda ba ya bar rabinsa don ƙwari. Amma ku tuna nausithous da ya bar filin da aka kashe wa kuɗi ya koma gefen titi. Abin da irin waɗannan halittu ke bukata sau da yawa ɗan siririn wuri ne da ba a fesa ba, ba a kuma yanke a lokacin fure ba. Taki biyu ko uku a bakin rafi, inda dama zaizaya ke cinye shuka, ba asarar da za ta karya manomi ba ce. Yin feshi da yamma bayan ƙudan zuma ya koma, maimakon da hantsi, ba ya cin ko kwabo. Abin da ke da tsada shi ne amana tsakanin maƙwabta, don in ɗaya ya bari ɗaya ya fesa an yi aikin banza. Wannan kuwa aikin masu unguwanni ne da sarkin noma da ardo, ba na Bankin Duniya ba.

Saura abu ɗaya. Thomas bai ceci ƙwaronsa da tausayi ba, masu shingen Cornwall ma ai suna da tausayi. Ya cece shi ne da sanin wane kiyashi, wane tsawon ciyawa, wane wata. Mu ma muna da namu shuɗɗan. Littafin Torben Larsen na 2005 ya tattara kusan iri 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma, Nijeriya kaɗai tana da fiye da 1,000. Wanda ya tsaya a gonar wake lokacin fure zai ga wani ƙarami mai shuɗi-shuɗi da ɗan siririn wutsiya a fiffiken baya yana tsalle daga fure zuwa fure, Lampides boeticus ke nan, tsutsarsa a cikin fure da kwanson wake take girma. Akwai kuma dangin Lepidochrysops, fiye da iri 100 a Afirka kudu da Sahara, wasunsu a Nijeriya. Tsutsarsu takan fara a furen tsire-tsire dangin ɗaiɗoya, sannan manyan tururuwa da ake kira Camponotus su ɗauke ta zuwa rami ta ƙarasa girma a can. Wato dabarar da ta ba Turawa mamaki tana nan a nahiyarmu, da iri masu yawa fiye da nasu.

Don haka kirana ga malamai da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina. Tsarin ƙidayar da Birtaniya ke yi tun 1976 ba ya bukatar ɗakin gwaji. Mutum ne zai zaɓi hanya guda, ya bi ta sau ɗaya a mako da rana, ya rubuta abin da ya gani a 'yan mitocin da ke gefensa, shekara bayan shekara, kuma yawancin masu yin sa 'yan sa-kai ne. Wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar hoto. Ku nemi izinin masu lambu, ku tambaye su abin da suke gani da can da wanda suka daina gani, ku rubuta da sunayen da suke kiransu. Iyayenmu masu unguwanni kuma, ina roƙon ku zauna da manoma da makiyaya kafin kaka mai zuwa, a tsayar da ranar shiga da ranar fita, a kuma amince da faɗin da za a bar wa bakin rafi. A fara da tsakanin Ƙofar Durbi da Ƙofar Sauri, tafiyar ba ta da nisa.